Rigar Sahun Gaba

Da Barista bai miƙa hannu ya taɓa rigar nan ba, da wataƙila yinin ya wuce lafiya, kowa ya ci gaba da haɗiye abin da ke ransa kamar yadda aka saba a gidan.

Amma ya taɓa.

Saura kwana ɗaya a rantsar da Lauya. Tun tana 'yar shekara shida marigayi Abbansu ya laƙaba mata wannan sunan, saboda ba a taɓa aikenta ba tare da ta nemi jin dalili ba. Wasa ya zama gaske. Shekara biyar a jami'a, shekara guda a makarantar horas da lauyoyi, sannan wata shekarar ta zaman jiran sake jarrabawa, domin a karon farko darasi ɗaya tak ya kayar da ita. A can kuwa ba a san wani abu wai shi "saura kaɗan" ba. Ko ka ci, ko ka koma.

Gidan ya ji jiki. Kantin Umma na bakin titi ya tafi, firij biyu suka bi bayansa. Yaya ya ajiye nasa karatun a aji biyu ya kama tuƙin motar haya. Ba wanda ya taɓa yi mata gori da baki, amma har yau akwai shatin firij a ƙasan falo, kuma duk mai shara sai ya kalle shi.

Katin gayyata biyu kacal ake ba kowane sabon lauya. Ɗaya na Umma. Ɗayan kuwa, da Yaya ya ce ba zai iya rasa aikin yini guda ba, Lauya ta miƙa wa Tela.

Shekara shida Tela yana jiranta. Sau biyu yana turo manyansa, sau biyu Umma tana cewa sai yarinya ta gama karatu. Duk fararen riguna da baƙaƙen siket ɗin da makaranta ta tilasta mata sawa, daga kekensa suka fito. Rigar rantsarwa ma tun tana aji uku ya kafa mata doka.

"Wannan kada ki saya, kada ki ara. Ni zan ɗinka."

Ya ƙi nuna mata sai yau.

Da hantsi Barista ya riga shi zuwa. Babban Lauya ne, mai ofis hawa biyu da ƙananan lauyoyi goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa, kuma a wurinsa makaranta ta tura ta koyon aiki na wata uku. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Bai taɓa ce wa Lauya yana sonta ba. Umma ya gaya wa, domin shi mutum ne da ya san kotun da ake shigar da kowace ƙara.

Yana zaune a kujerar Abba, farar ambulan a kan teburin gabansa, aka ji sallamar Tela.

Ya shigo rungume da jaka, ya durƙusa ya gaida Umma, ya gaida Yaya, ya gaida baƙon da ya sha jin labarinsa bai taɓa gaisawa da shi ba. Sannan ya zuge jakar a hankali, ya ɗaga rigar da hannu biyu, yana ta murmushi.

Wallahi rigar ta yi kyau. Baƙa ce wuluk, tana ɗaukar ido, tana zuba daga hannunsa kamar ruwa. Ga wuya mai faɗi ya sauko har gadon baya, ga dogayen hannuwa. Umma da ba ta son yaba masa komai sai da "Masha Allah" ta suɓuce mata.

Lauya kuwa ta ƙura wa rigar ido.

Kallo ɗaya ta yi ta gane. Ta miƙe da sauri don ta karɓe ta ninke, in ya so daga baya ta yi masa bayani su biyu. Kafin ta ƙaraso, Barista ya kama gefen rigar yana murza shi tsakanin yatsu.

"Malam, wannan ai siliki ne ko?"

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji Tela da fara'a. "Mafi kyau da na samu. Sai da na sa aka nemo min."

Barista ya yi dariya. Ba mai ƙarfi ba ce, kuma da mai ƙarfin ce da ta fi sauƙi.

"Ikon Allah. To ai ka yi mata ƙarin girma tun ba ta fara aiki ba." Ya juya ga Umma. "Hajiya, a sana'armu riga ba ado ba ce, matsayi ce. Sabon lauya baƙin yadi yake sawa, marar ƙyalli. Siliki, da irin wannan wuyan, sai wanda aka naɗa Babban Lauya. Ni sai da na yi shekara goma sha tara kafin in sa shi, da yawa kuma har su mutu ba sa samu. In ta je da wannan gobe, tun daga ƙofa za a dawo da ita. In kuma ta tsallake mai ƙofa, to manya sun haddace fuskarta ke nan tun ranar farko, a matsayin wadda ba ta san kanta ba."



"Ka ji ko?" Yaya ya zabura. "Ka ji abin da ka so ka ja mana? Shekara bakwai muna wahala, kai kuma ka zo da almakashinka za ka yanke mana ita a rana ɗaya! Wa ya ce maka aikin lauya ɗinkin 'yan biki ne?"

"Yaya, ban sani ba ne..."

"Ba ka sani ba! Kuma kai aka ba kati. Ni da na ajiye karatuna ina can ina faɗa da fasinja, kai kana can kana tafi!"

Tela ya dubi Lauya. Kalma ɗaya yake jira daga wurinta, kuma ta san da haka. Amma kunya ta riga ta hau mata kai, ta koma fushi, fushin kuma ya rasa inda zai sauka sai kan wanda ya fi kowa sauƙin bugu.

"Bakinka ciwo yake da ba za ka tambaye ni ba?" ta ce. "Kullum sai ka nuna ka iya! Abin da ba ka sani ba, ka bar wa masu shi mana!"

Tana rufe baki ta so ta mayar da maganar. Ina.

Tela ya jawo jakarsa. Ya ninke rigar kashi huɗu yadda yake ninke kayan mutane, ya saka a jaka, ya zuge. Ya ce wa Umma, "Na bar ku lafiya." Ko takalminsa bai tsaya sawa da kyau ba.

Barista ya bari ƙarar ƙofa ta lafa, sannan ya fita zuwa motarsa ya dawo da wata baƙar riga a leda.

"Da wannan aka rantsar da ni," ya ce. "Na taho da ita ko da za a buƙata. A wannan ambulan kuma takardar ɗaukar aiki ce. Hajiya, bari in gaya miki gaskiyar da ba a faɗa wa iyaye lokacin biyan kuɗin makaranta. Gobe mutum fiye da dubu za a rantsar. Bayan wata shida ki je bakin kotu, za ki ga da yawansu tsaye a gindin bishiya da baƙar kwat cikin rana, suna tare mutane, 'Malam, takardar rantsuwa ce? Malam, beli ne?' Wasu kuma suna ofisoshin da albashin ko kuɗin mota ba ya isa. Takardar shaida ba ta ciyar da kowa. Ƙofar da mutum ya fara shiga ita take yanke masa shekara gomansa ta farko."

Abin da ya fi ƙona ran Lauya shi ne ba ƙarya ya yi ba. Ta san 'yan ajin da ke gabanta. Ta san wadda ta fi kowa ƙoƙari a cikinsu, yanzu turare take sayarwa ta waya.

Yana tafiya Umma ta nuna ledar da baki.

"Gobe wannan za ki sa."

"Umma, aiki ya ba ni ko aure?"

"Ke kike raba su. Ni ambulan ɗaya na gani."

"To ai sai a gaya min kuɗina, tunda ciniki ake yi!"

"Ke!" Yaya ya daka mata tsawa. "Umma kike gaya wa haka?"

Umma ta ɗaga masa hannu. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa buƙatar hakan ba.

"Bar ta. Ai abin da muka biya a koya mata ke nan, iya baki. Saurara ki ji. Ban ce mutumin nan mugu ne ba, telan naki. Yaron kirki ne. Amma kirki na gani yau, ya kusa sa a kore ki daga ƙofa. Ban rufe kantina don ki je ki zauna kina tsince zare a shagon wani ba. Dubi ɗan'uwanki. Dubi bayansa yadda ya ranƙwafa, shekararsa nawa? Ba mu ce ki biya mu ba. Cewa muka yi kada ki mayar da mu wawaye."

Hawaye ya zubo wa Lauya, ta share shi da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Ta ja mayafinta ta fice.

Shagon Tela yana layin bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da maɓallai. Keke biyu, benci ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, ƙyallaye zube a ƙasa. Ta same shi zaune a gaban keke ba ya ɗinki. Rigar tana rataye a bango.

Ko sallama ba ta yi ba.

"Ka ga abin da ka ja min?"

"Na gani."

"Iyakar abin da za ka ce ke nan?"

"Kin ce in bar wa masu shi. Na bari."

"Kada ka yi min wannan sanyin naka! Ka san me ake ciki a gidanmu yanzu? Ka ɗauki wuƙa ka miƙa musu da hannunka! Shekara shida ina kare ka, ina cewa kai mai hankali ne, ka tashi ka kunyata ni a gaban mutumin da... Wai a ina ma ka samo wannan fasalin? Wa ya nuna maka?"

Ya ja aljihun keke ya fito da wata takarda da ta sha ninki, ya shimfiɗa a gabanta. Zane ne da fensir: wuya, kafaɗa, hannu, ko'ina da awonsa.

"Kwana uku na rufe shagon nan na tafi babbar kotu," ya ce. "Na zauna a bencin 'yan kallo. Na ga lauyoyi cike a sahun baya, a matse, rigunansu sun koɗe, suna ta zufa suna jiran a kira shari'arsu har rana ta raba. Sai ga wani ya shigo a makare. Kowa ya matsa masa. Ya wuce sahun gaba, alƙali ya fara kiran tasa, ya gama ya tafi abinsa. Kwana ukun nan haka na gani. Na ce a raina, in dai ni zan ɗinka, ba zan ɗinka mata ta masu jira ba."

Lauya ta jawo takardar tana bin zanen da yatsa.

"Na ɗauka kuɗi ne ya raba su. Mai hali ya sayi mai kyau, marar hali ya sayi ta baya. Haka na sani a sana'ata. Ban san doka ce ba."

"Wane ne mutumin?" ta tambaya a hankali, ko da yake jikinta ya riga ya ba ta.

"Bayansa na fi sani, shi na yi kwana uku ina zanawa. Sai ɗazu da Barista ya yi magana a falonku na gane muryar."

Ta zauna a kan benci ba shiri.

"Kin tuna bencin nan?" Yanzu muryarsa ta fara tashi, abin da ba ta taɓa ji ba. "Ranar da sakamako ya fito ba sunanki, a nan kika zauna kina kuka har mai maɓallai ya leƙo. Kika ce kin daina, ba za ki sake zama ba. Wa ya riƙe miki littafi wata tara yana karanto miki tambayoyin da shi kansa bai san ma'anarsu ba? A lokacin ban zama jahili ba. Sai yau da mai mota ya yi dariya kika taya shi."

"Ban yi dariya ba!"

"Gara ki yi dariyar, wallahi. Da ta fi sauƙi."

Ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Bai rarrashe ta ba. Ya bar ta ta yi mai isarta, yana kallon titi.

"Ki karɓi aikin," ya ce daga baya. "Gaskiya ya faɗa, kuma Umma ba ta yi laifi ba. Ni ba ni da sahun gaba da zan kai ki. Ga katinki nan, ki ba Yaya, shi ya fi cancanta."

Nan kukan ya tsaya cak. Ta ɗago da jajayen idanu.

"Au, kai ma ka yanke naka hukuncin? Sannunku! Umma ta yanke, Yaya ya yanke, Barista ya zo da nasa a rubuce cikin ambulan, kai ma ga naka. Ba wanda ya ce bari a ji ta bakin mai abin! Shekara bakwai ina koyon yadda ake tsaya wa mutum, yau kowa ya tashi yana tsaya min ban ɗauke shi aiki ba. Mayar da katin nan aljihunka kafin raina ya ƙara ɓaci!"

Ta fice fuu. Ya ɗauka ta tafi ke nan.

Ba a yi rabin awa ba sai ga ta da ƙunshi. Ta jefa shi a kan keken har zare ya faɗo. Baƙin yadi ne, marar ƙyalli, irin wanda ko kallonsa ba a yi a kanti. Ta juya takardar zanensa, ta fizgi fensir daga bayan kunnensa ta fara zane.

"Ga wuyan, ƙarami. Nan baya a tattare. Hannun ya tsaya nan. Wannan ce tawa, ta sahun baya, ta masu zufa. A can zan fara, kuma da ƙafata zan matsa gaba, ba a motar kowa ba. Za ka iya kafin safiya ko in nemi wani telan?"

Ya dubi zanen, ya dube ta.

"Hannun nan da kika zana ai na rigar yara ne."

"To gyara! Ni lauya ce, ba tela ba."

Ya karɓi fensirin. Ta ga gefen bakinsa ya motsa, amma bai bari murmushin ya fito ba.

"Abin da na faɗa ɗazu," ta ce tana kallon ƙasa, "ban kyauta ba. Ka yafe min."

"Waccan fa?" Ya nuna bango. "In farke ta?"

"Ka taɓa ta ka gani! Ka ajiye min ita. Ko shekara goma sha tara ce, ko talatin."

"Ya ce da yawa har su mutu ba sa samu."

"Na ji shi. Ka ajiye dai."

Ya shimfiɗa yadin, ya ɗauki alli. Sai da ya ja layin farko sannan ya yi tambayar da take gudu.

"Umma fa?"

Ta sunkuya ta ɗauki zaren da ya faɗo, ta mayar a kan keken.

Washegari da sassafe Tela ya miƙo wa Lauya wata leda daga bakin ƙofa, idanunsa sun yi ja, ya ce zai riga ta zuwa zauren rantsarwa. Ta shiga ɗaki ta sa farar riga da baƙin siket, ta ɗaura farin ƙyallen wuya na lauyoyi, ta ɗora sabuwar rigar a kai. Ta zauna mata ɗas. Har yanzu da ɗumin dutsen guga a jikinta.

Umma tana falo, ta ci ado da koren mayafin da ta ɓoye tun bara saboda wannan ranar, katinta a hannu. Ledar Barista tana kan kujerar Abba inda aka bar ta, ambulan a samanta.

Umma ta dubi ledar. Ta dubi 'yarta.

"Wannan daga ina?"

"Shi ya ɗinka wata, Umma. Wadda doka ta yarda da ita."

"Ta mutumin nan fa?"

"Zan mayar masa da kaina, har da takardar. Zan nemi aiki a wani ofishin. Ko nawa ne albashin zan fara, in sha Allah ba za ku..."

"In sha Allah," Yaya ya katse ta daga bakin ƙofa yana jujjuya makullin mota. "Da in sha Allah ake sayen taya? Ki je gindin bishiyar, zan riƙa yi miki hon in na zo wucewa."

Umma ta ajiye katin a kan tebur a hankali. Ta sunkuya ta cire takalminta, ɗaya bayan ɗaya.

Lauya ta zube a gabanta, ta kama ƙafafunta.

"Umma, don Allah. Don girman Allah kada ki yi min haka. Ranar nan taki ce, ba tawa ba. Ki zage ni, ki mare ni, amma ki zo ki gani."

"Da tawa ce," in ji Umma. "Na saye ta da tsada kuwa. Kin ɗauka kin ba wani. Tashi, kada ki ɓata rigar, an sha wahalar ɗinkinta."

Lauya ta miƙe, ta tura katin kusa da hannun Umma.

"Kujera ta ɗari huɗu da goma sha biyu ce. Ba wanda zai zauna a kai."

Ta fita ta tari motar haya, ba ta Yaya ba.

Zauren ya cika maƙil. Sababbin lauyoyi sun yi layi-layi, baƙi da fari, kowa na gyara hular gashin da ke ƙaiƙayin kai. 'Yan'uwa suna can baya a kujeru masu lamba. Ta waiga ta hango Tela da farar rigarsa ta fita kunya, ya ɗora hannu a kan kujerar da ke gefensa kada wani ya zauna.

Ta waiga sau biyar. Wadda ke kusa da ita ta zungure ta ta ce ta nutsu.

Aka ce a miƙe. Manyan lauyoyi suka shigo a jere, silikinsu na ƙyalli a ƙarƙashin fitilu, suka zauna a sahun gaba. Barista na cikinsu. Bayansu akwai wasu kujeru masu laushi da aka keɓe wa baƙin manya, waɗanda ba sa buƙatar kati mai lamba.

Aka fara kiran sunaye. Mutum ya taso, ya bi ta gaban manya, ya rusuna, ya karɓi takardarsa. Layinsu na matsowa, ta sake waigawa. Kujerar tana nan wayam.

To shi ke nan, ta ce a ranta, ta cije leɓe. Ba za ta yi kuka a gaban mutum dubu ba.

Aka kira sunanta na yanka, wanda ta kusa mantawa da shi. Ta miƙe, ta fito fili, ta doshi gaba.

A nan ta ga koren mayafin.

Umma ce zaune a kujera mai laushi, daidai bayan Barista. Yaya na gefenta, wanda ba zai iya rasa aikin yini guda ba. Ta ƙofar manya aka shigo da su.

Umma ta zo! Farin ciki ya kama Lauya, ta buɗe baki kamar za ta kira ta. Amma Umma ba fuskarta take kallo ba. Rigar take bi da ido, daga wuya har ƙasa, sannan ta kawar da kai.

A kan cinyarta, a ninke tsaf, rigar Barista ce, da farar ambulan a samanta. Ta dafe su da hannu biyu.

Barista ya gyaɗa wa Lauya kai cikin ladabi, irin na wanda ya saba a ɗage masa shari'a, ba a kore ta ba.

Zuciyarta ta tafasa. Ta ja kafaɗun rigarta ta daidaita su, ta taka sauran takun da suka rage, ta rusuna yadda aka koya mata, ta karɓi takardar da gidansu ya ƙare a kanta.

An hana tafi sai an gama kiran kowa. Amma daga can ƙarshen zauren, kusa da kujerar da ba kowa, mutum ɗaya ya miƙe tsaye yana tafawa shi kaɗai, domin wannan dokar ma ba wanda ya gaya masa.